Ƙashi ya kama, hannu bai tashi ba: fashin baƙi kan jijiyoyin kafaɗa

A Gusau, ko Talata Mafara, ko Ƙaura Namoda, ba sai ka yi dogon yawo ba za ka haɗu da saurayi majiyi ƙarfi wanda hannunsa ɗaya ke lilo a gefensa, ko ya cusa shi cikin aljihun riga don kada ya riƙa kaɗawa. In ka dubi kafaɗar sai ka ga ta zube, naman ya tsotse, ƙashi ya fito fili. Labarin kusan iri ɗaya ne ko'ina. Mashin ya kayar da shi, an kai shi wurin mai ɗori, ƙashi ya kama lafiya lau, an kwance kara, hannu kuwa ya ƙi tashi. Aka ce a yi haƙuri, sannu a hankali zai dawo. Wata ya bi wata har shekara ta zagayo, daga nan zancen ya koma na iska ko jifa.

Abin da ya faru cikin wannan kafaɗa sananne ne ga likitoci, kuma sau da yawa yana da gyara. Damuwata ita ce gyaran yana da wa'adi, wa'adin kuma yana ƙarewa ne daidai cikin watannin da muke cewa a jira.

Jijiyar da ake magana a nan ba ta jini ba ce, ba kuma agarar da ke ɗaure tsoka da ƙashi ba. Farar jijiya ce da ke ɗauko umarni daga laka ta kai wa tsoka, ta kuma mayar wa ƙwaƙwalwa labarin zafi, sanyi da taɓawa. Duk wani motsi na hannu, daga ɗaga buhun gero har zura zare a allura, daga saiwoyi biyar yake fitowa a gefen wuya. Huɗu suna fita daga tsakanin ƙasusuwan wuya na ƙasa, likitoci suna kiransu C5, C6, C7 da C8, ta biyar kuma daga farkon gadon baya, ita ce T1. Da fitowarsu sai su ratsa tsakanin wasu tsokoki biyu na gefen wuya, su haɗe su zama sanda uku: biyu na sama su zama ɗaya, ta tsakiya ta tafi ita kaɗai, biyu na ƙasa su zama ɗaya. Kowace sanda ta rabu biyu a bayan ƙashin nan da ya gitta daga gindin wuya zuwa kafaɗa, sannan rassan shida su sake haɗewa su zama igiya uku a hammata, suna kewaye da babbar jijiyar jinin hannu. Wannan haɗuwa da rabuwa ita ce saƙar jijiyoyin kafaɗa.

Daga hammata manyan jijiyoyi biyar suke sauka. Ɗaya tana zagaya wuyan ƙashin damtse ta baya ta shiga tsokar da ta lulluɓe kan kafaɗa, ita ke ɗaga hannu gefe, sunanta aksilari. Ɗaya tana shiga ƙwanjin gaban damtse, ita ke lanƙwasa gwiwar hannu har mutum ya kai loma baki. Radiyal tana bin bayan ƙashin damtse manne da shi, ita ke miƙar da gwiwar hannu, ta ɗaga wuyan hannu da yatsu. Midiyan da alna su ne na damƙa da aikin yatsu. Alna ce wadda in ka buge gwiwar hannunka da ƙofa kake jin zirr har ƙaramin yatsa. Akwai kuma wata ƙarama da ke ɓallewa tun daga sandar sama ta bi ta bayan allon kafaɗa, ita ke fara ɗaga hannu ta kuma juya shi waje. Ƙarama ce, amma in babu ita kafaɗa ba ta da amfani sosai.

Amfanin sanin wannan tsari shi ne, daga abin da hannu ya kasa yi ana gane inda ɓarnar take. Saiwoyin sama, C5 da C6, su ne na kafaɗa da gwiwar hannu. Na ƙasa, C8 da T1, su ne na tafin hannu da yatsu. Wanda yake iya murza yatsunsa amma ba ya iya ɗaga hannun ko lanƙwasa shi, rauninsa na sama ne, kuma shi ne ya fi kowa sa'ar gyara. Wanda hannun ya mutu gaba ɗaya, ko tsinke aka soka masa bai ji ba, dukkan biyar ɗin ne suka taɓu.

Yadda mashin ke yin wannan ɓarna abu ne da duk wanda ya taɓa ganin haɗari a hanyar Gusau zuwa Funtuwa zai gane. Mutum ya tashi sama ya dira a kan kafaɗa, kafaɗar ta danne ƙasa, kai kuma ya wurga ɗaya gefen. Tazarar da ke tsakanin kunne da kafaɗa ta buɗe fiye da yadda aka halicce ta, jijiyoyin da ke tsakani suka ɗaure tam, suka ja, suka tsinke. Wani likita a Suwizalan, Algimantas Narakas, wanda ya duba masu wannan rauni sama da 1,000, ya tarar kusan 70 cikin 100 haɗarin hanya ne ya jawo musu, kuma cikin waɗannan kusan 70 cikin 100 a kan babur ko keke suke. Wannan a Turai ke nan, inda mota ta fi yawa. To ina ga jihar da kabu-kabu ne sufurin talaka, mutum uku ko huɗu a kan mashin ɗaya? Hular kwano tana tsare kai, kuma wajibi ce, sai dai ba ta hana wuya da kafaɗa rabuwa.

Ba kullum ne saƙar ke yagewa gaba ɗaya ba. In kafaɗa ta goce, kan ƙashin yakan ja aksilari, bayan an mayar da ƙashin sai mutum ya kasa ɗaga hannu gefe, kuma ya ji wani ɗan wuri a bayan kafaɗa ta waje ya mutu. In ƙashin damtse ya karye a tsakiya, radiyal da ke manne da shi takan ji ciwo, sai wuyan hannu ya langaɓe, yatsu su rataya ƙasa. Wannan na faruwa ga kusan mutum 1 cikin 10 masu irin wannan karaya, kuma kusan 7 cikin 10 na waɗanda abin ya shafa suna warkewa da kansu cikin 'yan watanni. Sandar guragu da ake dannawa a hammata ma tana kashe radiyal na ɗan lokaci, haka barci mai nauyi a kan damtse. Ga kuma abin da ya zame mana ruwan dare a Zamfara cikin shekarun nan na rashin tsaro: saran adda a wuya ko kafaɗa, da harbin bindiga. Dangin wanda aka harba, da an tsayar da jini an cire harsashi sai su yi hamdala, kuma sun yi daidai, amma ba safai ake samun wanda zai ce da su a dawo a duba hannun ba.

Masu ɗori suna da basirarsu, ba na raina musu. Sai dai aikinsu ƙashi ne, jijiya kuwa ba a lalubo ta da yatsa. Jan kafaɗar da ta goce da ƙarfin tsiya, ko ɗaure damtse da kara tam har yatsu su kumbura su yi baƙi, yana iya ƙara wa jijiya rauni a kan rauni. Duk mai ɗorin da ya ce wa mutum ya motsa yatsu ya kasa, alheri mafi girma da zai yi masa shi ne ya ce a wuce asibiti.

A shekarar 1943 wani likitan Ingila, Herbert Seddon, ya kasa raunin jijiya gida uku, kuma har yau a kan rabonsa ake tafiya, ko da yake Sydney Sunderland na Ostireliya ya faɗaɗa shi zuwa biyar a 1951. Kowace jijiya tana ɗauke da dubban zaruruwa ƙanana, kowane zare cikin kubensa. A mataki na farko jijiya ta bugu ne kawai ta suma, zaren bai tsinke ba, cikin makonni zuwa wata 3 take farfaɗowa. Irin wannan ne ke sa a yi ta yabon wani magani, alhali da ma hannun zai tashi. A mataki na biyu zaren ya tsinke amma kuben yana nan, sai sabon zare ya tsiro ya bi tsohuwar hanya. A na uku komai ya rabu biyu, babu hanyar da zare zai bi, sai ya dunƙule ya zama ƙulli mai ciwo a bakin yankan. Wannan ba ya warkewa sai da tiyata. Akwai wanda ya fi su muni duka, wato saiwa ta tumɓuke daga jikin laka kanta. Ita ba a mayar da ita a ɗinke.

Tun 1850 Augustus Waller ya nuna cewa duk ɓangaren zaren da ya rabu da tushensa ruɓewa yake yi cikin kwanaki, dole sai sabo ya tsiro daga sama. Tsirowar kuma ba ta wuce kamar milimita 1 a rana, wato kusan inci guda a wata. Ɗauki tef ɗin tela ka auna daga gindin wuyanka zuwa tsakiyar ƙwanjinka, za ka samu wajen santimita 25 zuwa 30. Tafiyar wata 9 ko 10 ke nan. Ka ci gaba da awon har tafin hannu, ya haura santimita 70, tafiyar wajen shekara biyu. A can ɗaya gefen kuma tsokar da ta rasa saƙo tana ramewa, wuraren da zare ke sauka a jikinta suna lalacewa, tsakanin wata 12 zuwa 18 sai ta rikiɗe ta zama tabo da kitse. Manomin rani a Bakolori ya san wannan lissafi: in kwata ta toshe, shuka tana iya jure ƙishi na ɗan lokaci, amma in ta riga ta bushe, ko ka sako mata ruwan dam gaba ɗaya ba ta tashi. Saboda haka wanda aka yi wa aiki a wata na 4, zaren zai iso ƙwanji tsokar tana da rai. Wanda ya zo a wata na 14, ko an yi masa ɗinki mafi kyau a duniya, zaren zai iso ya tarar babu mai karɓa.

A asibiti, binciken farko da hannu ake yinsa. Likita zai dafa ƙwanjin ya ce, "Malam, ja hannunka zuwa baki," yana sauraron ko da ɗan motsi ƙarƙashin yatsunsa. Zai bi tsoka ɗaya bayan ɗaya yana rubuta ƙarfin kowace daga 0 zuwa 5, ya bi fata da tsinke yana tambayar inda ake ji. Zai ƙwanƙwasa gefen wuya da ɗan yatsa. In mutum ya ji zirr ya sauka hannu, alama ce akwai bakin jijiya mai rai a wurin, kuma in wurin jin zirr ɗin yana gangarowa ƙasa wata bayan wata, zare na tsirowa. Jules Tinel na Faransa ya bayyana wannan alama a 1915 daga raunukan sojojin Yaƙin Duniya na Ɗaya. Zai kuma kalli idanu. In fatar idon ɓangaren da ya ji ciwo ta ɗan sauko, baƙin tsakiyar idon ya ƙanƙance fiye da ɗaya, wannan yana nuna saiwar ƙasa ta tumɓuke daga laka. Bayan mako 3 ko 4 ana iya yin gwajin lantarki na jijiya da tsoka, da hoton MRI na wuya. Wannan rubutun ƙarfin tsoka na farko yana da daraja ƙwarai, domin da shi za a gwada na wata mai zuwa, don haka a riƙe kati kada ya ɓace.

Lokacin aiki ya danganta da irin raunin. Yankan wuƙa ko adda mai kaifi, ana so a ɗinke jijiyar cikin 'yan kwanakin farko kafin bakunan su janye. In jijiyar jini ta fashe tare da ita, wannan aikin gaggawa ne na ceton rai da hannu. Harbin bindiga kuwa ana yawan jira kamar wata 3, domin sau da yawa girgizar harsashi ce ta sumar da jijiyar ba yanke ta ya yi ba. Raunin faɗuwa da babu yanka a fata, ana sa ido wata 3. In babu alamar dawowa, ana so a yi aiki tsakanin wata na 3 da na 6. Jiran da likita ke yi yana awo duk wata daban yake da jiran da ake yi a ɗaka.

Aikin kansa iri uku ne. In bakunan suna kusa, a datse ɓangaren da ya lalace a ɗinke su da zaren da ya fi gashin kai siranta, ƙarƙashin madubin ƙara girma. In akwai giɓi, ba a jan jijiya da ƙarfi don ta haɗu, sai a ciro wata jijiyar jin taɓawa daga sha-raɓa, wadda tsawonta kan kai santimita 30 zuwa 40, a yanka ta gunduwa-gunduwa a cike giɓin. Tafiyar mutum ba ta canzawa, illa dai gefen ƙafa ta waje ya ɗan mutu.

Na uku shi ne wanda ya sauya wannan fanni, kuma shi ne amsar saiwar da ta tumɓuke: a aro reshe daga lafiyayyar jijiya a jona wa wadda ta mutu, kusa da tsokar. A 1994 Christophe Oberlin a birnin Paris ya bayyana yadda ake buɗe alna a cikin damtse, a zaɓi ɗan damin zare guda daga cikinta, a yanke a ɗinke shi da reshen da ke shiga ƙwanji. Tazarar 'yan santimita ce kawai, saboda haka sau da yawa cikin wata 3 zuwa 6 ƙwanji ya fara motsi, yatsu kuma ba su rasa wani abin kirki ba. Ga kafaɗa, ana karkato wani ɓangare na jijiyar da ke ɗage kafaɗu sama a jona wa ƙaramar nan ta bayan allo. A 2003 Somsak Leechavengvongs na Tailan, ƙasar da ita ma babura suka yi mata yawa, ya nuna yadda ake ɗaukar reshe ɗaya daga na tsokar bayan damtse a ba aksilari. In dukkan saiwoyin biyar sun tafi, babu abin aro a hannun, sai a ɗauko jijiyoyin tsakanin haƙarƙari, ko kuma a bi dabarar Gu Yudong na Shanghai a ƙasar Sin, a aro daga C7 ta ɗaya ɓangaren mai lafiya.

Abin mamaki yana biyo baya. Wanda aka jona wa jijiyar haƙarƙari, da farko sai ya yi tari ko ya ja dogon numfashi sannan ƙwanjin ya motsa. Wanda aka yi wa aikin Oberlin sai ya dunƙule hannu sannan gwiwar ta lanƙwashe. Da atisaye na watanni ƙwaƙwalwa take koyon raba su, tsarki ya tabbata ga wanda ya halicce ta.

Ya kamata a faɗa wa mutane gaskiyar abin da za su samu. Likitoci suna fara neman lanƙwasa gwiwar hannu, sai tsayuwar kafaɗa, sannan sauran. Mai raunin sama da ya zo da wuri yana iya komawa gona ko shago. Mai raunin duka biyar, abin da ake fata shi ne hannun da zai lanƙwashe, ya tallafi kaya, ya daina lilo. Yatsu da wuya su koma yadda suke. Sakamakon kuma sai an shekara ɗaya zuwa biyu ake ganin ƙarshensa.

Wanda shekara ta riga ta wuce masa bai kamata ya yanke ƙauna ba. Ana karkato agarar tsoka mai rai ta yi aikin wadda ta mutu, kuma wannan yana kyau sosai ga wuyan hannun da ya langaɓe, ko bayan shekaru ne. Ana ciro wata siririyar tsoka daga cikin cinya tare da jijiyoyinta a dasa a damtse. Ana kuma haɗe ƙashin kafaɗa da allo wuri ɗaya don hannu ya tsaya.

Duk waɗannan suna buƙatar gaɓoɓin da ba su ƙage ba, shi ya sa sashen gashi yake da muhimmanci tun makon farko. Kullum a riƙa lanƙwasa kowace gaɓa da ɗaya hannun, a juya kafaɗa waje, a miƙe yatsu, a rataye hannun kada nauyinsa ya zare kafaɗa daga mazauninta. A kuma kiyayi gasa shi da ruwan zafi ko kusantar da shi garwashi lokacin hunturu. Hannun da ba ya ji yakan ƙone har ya sale mai shi bai sani ba, gyambon kuma ya daɗe bai warke ba.

Akwai azabar da mutane ba sa yarda da ita. Wanda saiwarsa ta tumɓuke yakan ce hannun da ba ya jin tsinke yana ci masa da wuta dare da rana, wani lokaci kamar ana matse shi. Ba ƙarya yake ba, ba kuma aljanu ba ne. Raunin da ke jikin laka ne ke aika saƙon zafi. Yanke hannun ba ya kawar da shi, tunda ba a hannun ciwon yake ba. Farasitamol ba ya taɓa shi, kuma ta nan ne samari da yawa ke faɗawa shan tiramol. Akwai magungunan da aka tanada don ciwon jijiya, irin su amitiriftilin da gabafentin, waɗanda likita ke rubutawa yana daidaita adadinsu.

Jarirai ma abin yana samunsu, tsakanin 1 zuwa 3 cikin haihuwa 1,000 a ƙididdigar ƙasashe daban-daban. Kai ya fito, kafaɗa ta maƙale a bayan ƙashin mara, aka ja kan don a ceci yaro, saiwoyin sama suka ja. An fi ganinsa ga ƙaton jariri, musamman in uwa tana da ciwon suga, da wanda ya zo ta ƙafa. Za a ga hannu ɗaya kwance a jikin yaron, a miƙe, ya juya ciki, tafin yana kallon baya, ɗayan kuwa yana ta wutsil-wutsil. Wilhelm Erb na Jamus ya bayyana wannan nau'i a 1874, shi ya sa ake kiransa da sunansa. Galibin yaran suna warkewa da motsa gaɓoɓi a hankali, amma awon da za a riƙe shi ne wata 3: in yaro ya kai nan bai fara lanƙwasa gwiwar hannu ya kai yatsu baki ba, lallai likitan da ya san aikin jijiya ya gan shi. Kakanni masu wankan jariri su ne suka fi kowa saurin lura, in an sanar da su abin da za su duba. Kuma don Allah kada a ja hannun, kada a kai shi ɗori.

Wannan tiyata ba kowane asibiti ke yinta ba, tana buƙatar ƙwararre da kayan aiki na musamman, ga kuɗi ga nisa, ga hanyoyin da ba kullum ake binsu da kwanciyar hankali ba. Mutumin Anka ko Shinkafi ko Gummi zai fara ne daga babban asibitin garinsu, a turo shi Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya ko Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura a Gusau, daga nan in da buƙata a rubuta masa takarda zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, ko na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika, ko Asibitin Ƙashi na Dala a Kano. Kowane mataki yana cin makonni, tara kuɗi ma yana cin nasa. Don haka ranar haɗarin ce ranar fara ƙirga, a rubuta ta a bayan kati. In mako 3 ya cika hannu bai motsa ba, a nemi likitan ƙashi ko na tiyatar gyaran jiki, a tambaye shi kai tsaye: "Likita, jijiyar ta suma ne ko ta tsinke, kuma wane wata za mu yanke shawarar aiki?"